Daga Ƙawance Zuwa Zumunta: Amintaka da Haɗin Manufa Tsakanin Mata Kiristoci Masu Shirin Hidima a Unguwar Television, Kaduna

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi yadda ƙawance ke zama ginshiƙin tarbiyyar mata Kiristoci masu shirin ɗaukar nauyin hidimar ikkilisiya a unguwar Television da ke kudancin Kogin Kaduna. An bi hanyar nazarin ma'anar kalmomi da kwatanta al'adu, inda aka auna tsarin Zumuntar Mata da sigogin ƙawancen gargajiya na Hausa, wato ƙawa da ƙanwar rana da biki da adashe, sannan aka kwatanta shi da tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u. Muƙalar ta nuna cewa harshen Hausa ya shiga majami'u tare da tsarin hulɗar mata da ke cikinsa, kuma ikkilisiya ta faɗaɗa wannan tsari daga amintakar mutum biyu zuwa haɗin manufa na jama'a. An kammala da jan hankalin manazarta ga wannan fage da ke fuskantar barazanar sauyin harshe.

Muhimman kalmomi: zumunta, ƙawance, hidima, Zumuntar Mata, Television

1.0 Gabatarwa

Nazarin al'adun matan Hausa ya fi karkata ga Musulmi mazauna birane irin su Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, abin da ba shi da mamaki idan aka dubi tarihi da yawan jama'a. Sai dai akwai ɗimbin mata a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar waɗanda da Hausa suke addu'a da waƙa da karatun Littafi Mai Tsarki, alhali mafi yawansu ba Hausawa ba ne ta fuskar asali. Masana tarihi sun taɓo rayuwar waɗannan al'ummomi, misali Crampton (1975) a kan tarihin Kiristanci a Arewacin Nijeriya, da Cooper (2006) a kan Kiristocin Maraɗi, da Shankar (2014). Abin da ya rage wa sassan nazarin Hausa shi ne duban yadda harshen da al'adarsa suke aiki a cikin wannan rayuwa.

Tambayar da muƙalar ta sa a gaba ita ce: ta wace hanya mace ke shirya wa hidima a ikkilisiyoyin da yawancinsu ba sa keɓe mata a matsayin limamai, kuma wace rawa ƙawance ke takawa a wannan shiri? Amsar tana da muhimmanci domin koyar da yara, da ziyarar marasa lafiya, da tallafa wa gwauraye, da wani kaso mai yawa na aikin bishara duk suna hannun waɗannan mata.

2.0 Television da Mazaunanta

Television mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, kusa da Barnawa da Kakuri da Unguwar Sunday da Unguwar Yelwa, a kan hanyar da ke wucewa Sabon Tasha ta nufi Kachiya. Tashar motarta na cikin mashigan da ke haɗa birnin da garuruwan kudancin jihar. Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru, amma bunƙasar kudancin kogi ta biyo bayan masana'antu: masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957 da sauran masaƙun da suka biyo ta, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Neman aiki ya jawo Atyap da Bajju da Ham da Agworok da Adara, suka tarar da Gbagyi 'yan ƙasa, aka kuma samu baƙi daga Filato da Binuwai da Kudancin Nijeriya.

Abubuwa biyu sun sake fasalin yankin. Na farko shi ne rikice-rikicen Fabrairu 2000 da Nuwamba 2002 da Afrilu 2011, waɗanda suka sa jama'a suka yi ta ƙaura bisa addini, har kogi ya zama kamar iyaka: Kiristoci suka rinjaya a yawancin unguwannin kudu, Musulmi a na arewa. Na biyu shi ne durƙushewar masaƙu a shekarun 2000, wadda ta raba dubban magidanta da albashi, ta ƙara wa mata nauyin ciyar da gida ta hanyar ƙananan sana'o'i. Ke nan, matar Television sau da yawa tana nesa da danginta na jini, tana cikin maƙwabta masu harsuna daban-daban, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da majami'a. A irin wannan hali ne ƙawance ke maye gurbin dangi.

3.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar zumunta da 'yar'uwarta zumunci sun fito daga zumu, wato ɗan'uwa ko makusanci. A asalin amfaninta tana nuni ga dangantakar jini ko ta aure da haƙƙoƙin da ke tattare da ita, shi ya sa Bahaushe ke cewa zumunta a ƙafa take. Karin maganar ya ɗora dangantaka a kan aiki, wato ziyara da halartar sha'ani, ba a kan ji a zuciya kawai ba. Hausar majami'a ta ɗauki wannan kalma, tare da tarayya, domin bayyana ma'anar kalmar Helenanci koinoniya ta Sabon Alkawari. Da haka aka samu faɗaɗar ma'ana: zumu ya tashi daga wanda aka haɗa jini da shi ya koma wanda aka haɗa bangaskiya da shi, amma sharaɗin ƙafa bai faɗi ba.

Ƙawance kuwa dangantaka ce ta zaɓi tsakanin mata biyu tsararraki. Idan ta yi zurfi har aka kai ga riƙe sirri, sai ƙawa ta zama aminiya. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, zumunta gado ake yi ko shiga, ƙawance kuwa ƙullawa ake yi.

Ita kuma hidima a Hausar yau da kullum tana nufin ɗawainiya ko sha'anin biki. A Hausar majami'a ta samu keɓantacciyar ma'ana ta aikin Ubangiji, kama daga wa'azi zuwa sharar ɗakin sujada. Wannan faɗin ma'ana yana da tasiri, domin ya ba mace damar cewa tana da kira zuwa hidima ba tare da ta yi da'awar muƙamin fasto ba.

4.0 Tushen Tarihi

Zaman Hausa harshen ikkilisiya a Arewa ya samo asali daga manufofin ƙungiyoyin mishan. Ƙungiyar SIM ta faro da zuwan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham a 1893, SUM kuma ta kafa tasharta ta farko a Wase a 1904 ƙarƙashin Karl Kumm, yayin da Dakta Walter Miller na CMS ya zauna a Zariya. Da yake harsunan yankin suna da yawa, sai aka zaɓi Hausa domin koyarwa da horar da masu bishara. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta tabbatar da wannan zaɓi. Ikkilisiyoyin da suka tsiro daga nan, irin su ECWA a 1954 da tarayyar da aka kafa a 1955 wadda yau ake kira TEKAN, sun gaji Hausa a matsayin harshen sujada da taro.

Ƙungiyoyin mata sun taso ne daga azuzuwan da matan mishan ke yi wa matan sababbin masu bi, inda ake haɗa koyon karatu da ɗinki da kiwon lafiyar yara da nazarin Littafi Mai Tsarki. A hankali shugabanci ya koma hannun 'yan ƙasa. Yau kusan kowace ɗariƙa a Arewa tana da irin wannan ƙungiya: Zumuntar Mata a ECWA da HEKAN da COCIN, Zumuntar Matan Ekklesiya a EYN, da Zumuntar Matan Katolika. A ɗariƙar Baftis akwai ƙungiyar mata ta mishan mai rassa na 'yan mata, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke ɗauke da sunan Lidiya. Abin lura shi ne sunan Zumuntar Mata ya ƙetare iyakokin ɗariƙu, har masu rubutu da Turanci sukan bar shi yadda yake ba tare da fassara ba.

5.0 Hanyoyin Shirin Hidima

5.1 Zauren Zumunta

Makarantar farko ta mai shirin hidima ita ce taron mako-mako na zumunta. A nan mace ke fara karanta aya a gaban jama'a, ta ja addu'a, ta ba da waƙa sauran su amsa, daga baya a ba ta jawabi a kan wani darasi. Akwai muƙamai sanannu: shugaba ko uwar zumunta, da magatakarda, da ma'aji, da shugabar waƙa, da masu ziyara. Kowane muƙami horo ne. Magatakarda na koyon rubuta rahoton taro da Hausa, ma'aji na koyon lissafi da riƙon amana, masu ziyara na koyon lafazin ta'aziyya da sasanta ma'aurata. Tsarin ya hau mataki-mataki daga majami'a guda zuwa gunduma zuwa taron ƙasa, don haka wadda ta nuna ƙwazo a Television tana iya kaiwa ga yin jawabi a gaban dubban mata.

Waƙa na da matsayi na musamman. Matan zumunta na tsara waƙoƙinsu da Hausa bisa salon bayarwa da amshi, da rakiyar tulu da caki da ƙuge da ganga. Waƙar kan ɗauki labari daga Littafi Mai Tsarki ta ɗora shi a kan matsalar gida, kamar shaye-shayen miji ko tarbiyyar 'ya'ya ko haƙurin gwauruwa. Saboda haka matar da ba a ba ta bagade ta yi wa'azi ba tana isar da wa'azinta ta bakin mawaƙa, a gaban fasto da dattawa da dukan ikkilisiya. Wannan fasaha ta kai har ƙetare: a 2015 ƙungiyar mawaƙan Zumuntar Matan EYN ta zagaya Amurka, shekara guda bayan sace 'yan matan Cibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yan wannan ɗariƙa ne.

5.2 Makarantun Tauhidi

Hanya ta biyu ita ce karatu na tsari. Daga makarantun da ke horar da ma'aikatan ikkilisiyoyin Kaduna akwai makarantar tauhidi ta Baftis da ke Kawo, wadda aka kai wa hari a rikicin 2000, da ta ECWA a Kagoro, da JETS a Jos wadda aka kafa a 1980, da TCNN a Bukuru. A tarihin irin waɗannan makarantu, ƙofar farko da mace ta shiga ita ce sashen matan ɗalibai, inda ake shirya matar fasto ta iya karatu da jagorancin mata a duk inda aka tura mijinta. Daga baya mata suka fara shiga da ƙashin kansu, suna karatun difloma da digiri a fannin tauhidi da ilimin addinin Kirista.

A nan ƙawance yana da amfani na zahiri. Ɗalibar da ke goyo tana buƙatar wadda za ta riƙe mata yaro lokacin jarrabawa. Wadda ta taso da Hausa tana buƙatar mai warware mata littafin da aka rubuta da Turanci. Wadda ta bar gida ta tafi Kagoro ko Jos ta bar 'ya'yanta ne a hannun maƙwabta 'yan zumunta, kuma sau da yawa daga cikinsu ake haɗa mata gudummawar kuɗin makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar shaidar da mace guda ta karɓa tana ɗauke da gumin mata da yawa.

6.0 Sigogin Ƙawancen Hausa a Cikin Zumunta

Littafin Baba of Karo na Mary Smith (1954), wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, ya bayyana sigogin amintakar matan Hausa dalla-dalla. Idan aka ɗora su a kan tsarin zumunta, za a ga kamanni a wurare uku.

Na farko, ƙawa. A gargajiyance mata biyu tsararraki kan ƙulla ƙawance da musayar kyauta, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta a aure da suna da rasuwa. A zumunta wannan ya bayyana a matsayin abokiyar addu'a, wadda ake buɗe wa ciki ana kuma tafiya ziyara ko bishara tare da ita. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Masu koyarwa kan kafa hujja da labarin Rut da Na'omi, da ziyarar Maryamu ga Alisabatu a Bisharar Luka.

Na biyu, ƙanwar rana. Wannan dangantaka ce tsakanin babba da ƙarama waɗanda ba su haɗa jini ba, inda babbar ke ja-gora da tallafi, ƙaramar kuma ke biyayya da ɗawainiya. Ita ce ainihin sifar dangantakar uwar zumunta ko matar fasto da matashiyar da aka hango tana da baiwa. Kalmomin kira ma sun nuna haka, domin Mama ake ce wa babbar, ita kuma ta ce 'yata. Babi na biyu na wasiƙar Bulus zuwa ga Titus, inda aka ɗora wa tsofaffin mata koyar da ƙanana, shi ne madogarar da aka fi ambata.

Na uku, biki da adashe. Biki a ma'anarsa ta musayar gudummawa yana tafiya da ƙa'idar ramawa, adashe kuma da ƙa'idar zubi da kwasa. Zumunta ta riƙe duka biyun, har da ankon da ke nuna 'yan ƙungiya ɗaya. Amma ta kawo sauyi guda mai muhimmanci: wani kaso na abin da aka tara yana tafiya ga wanda ba zai iya ramawa ba, kamar maraya, ko ɗan gudun hijira, ko mai bishara a ƙauye mai nisa. A nan ne ƙawance ya rikiɗe ya zama haɗin manufa. A ƙawancen gargajiya, mata biyu suna fuskantar juna ne. A zumunta kuwa sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar aiki guda. Wannan ne ya sa Bajju da Tibi da Ibo, waɗanda ba su da dalilin ƙulla biki a tsakaninsu, suke iya zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

7.0 Kwatanci da 'Yan Taru

Tarihin ƙasar Hausa yana da misali makamancin wannan a ɓangaren Musulunci. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da jajis, ta naɗa musu malfa, su koma ƙauyuka su koyar da mata ta hanyar waƙoƙi, kamar yadda Boyd (1989) ta bayyana. Ba a da'awar cewa Zumuntar Mata ta samo asali daga 'Yan Taru, domin tushensu daban ne. Abin da kwatancin ya nuna shi ne al'ummomi biyu da suka keɓe limanci ga maza sun kai ga mafita iri ɗaya: mata su koyar da mata, waƙa ta zama littafi, dattijuwa ta riƙe hannun yarinya, tufafi kuma ya zama alamar izini.

Wannan kamanni yana da fa'ida ga Kaduna ta yau. Majalisar mata mabiya addinai biyu da aka kafa a birnin a 2010, da ƙoƙarin Sista Kathleen McGarvey, ta ginu ne a kan ƙungiyoyin matan da ke akwai a ɓangarorin biyu. Matar da ta saba da jagorancin zumunta da wadda ta saba da jagorancin Islamiyya suna da harshe ɗaya da salon taro mai kama da juna, ko da kogi ya raba gidajensu.

8.0 Ƙalubale

Ƙalubale na farko shi ne iyakar muƙami. ECWA da Cocin Angilikan ta Nijeriya da Cocin Katolika ba sa keɓe mata a matsayin limamai, yayin da ikkilisiyoyin Fentikos da dama suke yi, har Margaret Idahosa ta Benin ta kai matsayin babbar bishop. Masu hanawa kan kafa hujja da 1 Timoti 2 da 1 Korantiyawa 14, masu goyon baya kuma da Galatiyawa 3 da ambaton Fibi a Romawa 16. Muhawarar ta samu ƙarfi a Afirka tun bayan da Mercy Amba Oduyoye ta jagoranci kafa ƙungiyar mata masana tauhidi ta Afirka a Akara a 1989. Ga ƙawaye biyu da suka gama makaranta ɗaya, wannan batu na iya zama mararraba: ɗaya ta zauna a ɗariƙar iyayenta tana koyarwa, ɗaya ta koma inda za a ba ta bagade.

Na biyu shi ne gasa da ɓangaranci. Zaɓen shugabanni kan farfaɗo da ƙabilanci, kuma matsayin matar fasto kan yi karo da na zaɓaɓɓiyar shugaba. Wannan ba sabon abu ba ne, domin a Filibiyawa 4 Bulus ya roƙi Afodiya da Sintiki, mata biyu da suka yi aikin bishara tare da shi, su daidaita tsakaninsu.

Na uku shi ne nauyin kuɗi. Anko da zubi da kuɗin motar zuwa taro suna iya ware matalauciya daga ƙungiyar da aka kafa domin ta rungume ta.

Na huɗu, wanda ya fi shafar manazarta Hausa, shi ne sauyin harshe. Majami'u da yawa a Kaduna suna da sashen Hausa da sashen Turanci, kuma matasa sun fi karkata ga na biyun. Akwai kuma masu ganin Hausa ta danne harsunan iyayensu, suna fafutukar mayar da sujada cikin Tyap ko Jju. Duk inda aka karkata, gadar da ke tsakanin Mama da 'yarta ta rana tana raunana idan ba su da harshen addu'a guda, kuma waƙoƙin da ba a rubuta ba suna tafiya tare da masu rera su.

9.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa shirin mace Kirista domin hidima a Television ya dogara ne a kan dangantaka kafin takardar shaida. Hausa ta ba waɗannan mata kalmomin zumunta da hidima, ta kuma ba su sigogin ƙawa da ƙanwar rana da biki da adashe, su kuma suka faɗaɗa su har suka ɗauki mata daga ƙabilu daban-daban a kan manufa guda. Wannan ya tabbatar da cewa harshe idan ya bazu, yakan tafi da tsarin zamantakewar masu shi, sababbin masu amfani da shi kuma su sarrafa tsarin gwargwadon buƙatarsu.

Bisa haka ana ba da shawarwari uku. Sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello da ke kusa da fagen, su tattara waƙoƙin Zumuntar Mata ta hanyar naɗar murya da rubutawa, a nazarce su a matsayin reshen waƙar baka. A yi aikin ƙamus na Hausar majami'a domin tantance kalmomin da ma'anarsu ta faɗaɗa, irin su zumunta da hidima da kira da baiko da keɓewa. A kuma ɗauki tarihin baka daga bakin tsofaffin iyayen zumunta na Television da Kakuri da Sabon Tasha, waɗanda suka ga zamanin masaƙu da na rikice-rikice, tun suna da rai da ƙarfin bayar da shi.